Kyanwar Gwaggo Dela a Jirgin Sama

Tun da na dawo ba ni da sakat. In na zauna a fada, majalisarmu ta shan shayi, kafin shayin farko ya tafasa wani zai ce, Hamisu ba mu labarin jirgi. In na buɗe butik, wato ɗan shagona, mai sayen sabulu guda ma sai ya tsaya ya ji ko gaskiya ne kyanwa aka ba kujera ni aka zaunar a ƙasa. Ƙarya ce, kowa da kujerarsa. Amma tunda na ga labarin ya fara yin rassa a kasuwar Tibiri, har an ce na suma sai da aka yayyafa mini ruwa, gara in faɗe shi sau ɗaya da bakina, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Gwaggo Dela yayar babana ce, ita ta goye ni a gidanta na Dumega bayan rasuwar mahaifiyata. Bara bayan kaka ta hau rumbu ɗibar hatsi da kanta, wai ba ta yarda da hannun kowa ba, ƙafa ta zame, ta faɗo ta karye a ƙugu. Ɗanta Yaya Garba yana Kutunu, yana harkar fito da motoci daga tashar jiragen ruwa. Ya zo ya ɗauke ta a kwance, aka yi mata aiki can, aka sa ƙarfe. Likitoci suka ce aiki ya yi kyau. Abin da bai yi kyau ba shi ne Gwaggo ta daina cin abinci. Kunu ma kurɓi biyu take yi ta kau da kai. Matar da ke cinye ƙwaryar fura tana faɗa da mai damawa, ita ce aka koma ana roƙo da cokali. Likita ya gaya wa Yaya Garba a fili cewa in ta ci gaba a haka, ba ƙugun ne zai kashe ta ba.

Duk wanda ya kira ta daga gida kuwa, tambayarta ɗaya ce: 'Yar Baƙa tana nan? Tana kwana a ɗakina?

'Yar Baƙa kyanwarta ce, mussa kamar yadda muke cewa a nan. Baƙa ce wuluk, kunne ɗaya a tsage, ta tsufa, kuma ba ta ƙaunar ɗan Adam in ba Gwaggo ba. Da yake Gwaggo ta taɓa bori a ƙuruciyarta, mutanen unguwa suna raɗa cewa kyanwar ta Doguwa ce, aljanar nan ta bori, ba a dukanta, ba a korarta daga bakin tukunya. Ni kuwa kun san ni, ga gemu ga wando a ɗage. Na sha zaunar da Gwaggo ina yi mata wa'azi a kan wannan maganar, ita kuma ta bar ni in gama tsaf, sannan ta ce haɓar da gemun ya tsiro a kai ita ta share mata majina.

To, Yaya Garba ya yi tunaninsa na mutanen birni, ya ce kewar kyanwa ce ke damun tsohuwa. Akwai wani attajiri da yake fito wa da kaya, yana da ɗan ƙaramin jirginsa na kansa da ke kai matarsa Yamai ya maido ta. Matar ma tana da kyanwa, da ita take yawo. Yaya Garba ya roƙe ta, ta yarda a haɗa da tamu a komawa. Ya kira ni ya ce ni zan kawo ta, in kulle ɗakin Gwaggo da kwaɗo in taho da makulli, kuma kada kowa ya gaya mata. Sirpiriz za a yi mata, wato ba-zata, in ji shi. Na ce Yaya, ni fa jirgin da na sani shi ne wanda ke wucewa can sama yana barin farin zare. Ya ce ai shi ya sa, ga dama ta samu. Da wani ne ya ce in yi wa kyanwa rakiya da na zage shi. Amma Gwaggo ce ba ta cin abinci, sai na ce to.

Na hau kabu-kabu na tafi Dumega. Inna Mariyama, maƙwabciyarta kuma ƙawarta tun suna 'yan mata, ita ke buɗe ɗakin kullum ta share ta zuba wa kyanwar nono. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni sai ta daina shara ta dube ni.

"Dela ta ce a kai mata ita?"

Na ce Yaya Garba ne ya ce. Ta ce to, ta ci gaba da shararta.

Kamun kansa ba zan so a riƙa maimaita shi ba. Kun dai ga hannuna da na dawo. A al'adarmu in za a canza wa kyanwa gida a buhu ake sa ta a ɗaure bakin, don kada ta ga hanya ta komo. Haka na yi, bayan ta zagaya da ni bayan rumbu har na bar takalmi ɗaya a kan danga. Na kulle ɗaki, na rungume buhu a bayan mai kabu-kabu. Buhu na ihu, karnukan gari na bin mu, mai kabu-kabu na ta ce mini in gaya masa gaskiya, mene ne a ciki, shi yana da iyali.

Washegari na kai ta Dogon Dutsi wurin likitan bisashe, don an ce ba ta ƙetare iyaka sai da allura da karne, wato takardar shaidar allurar. Mutumin ya saba da shanu da raƙuma. Da na kwance buhu na ce Kutunu za ta a jirgin sama, sai da ya zauna a kan benci don dariya. Ya yi mata allura, ya tambayi sunanta da shekarunta ya rubuta, kamar mai shiga lakwal, makarantar boko. Na ce masa 'yan fadarmu sun ba ni shawara in jefa mata ƙwayar barci a nono, ta farka a Kutunu. Nan dariyarsa ta tsaya. Ya ce kada in kuskura. A sama iska ba ta kai ta ƙasa ba, dabbar da aka bugar da ƙwaya numfashinta na iya yin ƙasa ba wanda ya sani, sai an sauka a buɗe a tarar da gawa. Ya ce ranar tashi kada in ba ta abinci tun safe, ruwa kaɗan kawai, in nemo tsohon tufan mai ita wanda ba a wanke ba in shimfiɗa mata, kuma in rabu da buhun nan in samo abin da iska ke shiga. Saboda haka ku da kuka ba ni shawarar ƙwaya, Allah Ya shirye ku, da yanzu kisan kai nake ba ku labari.

Sai da na sake komawa Dumega na buɗe ɗakin na ɗauko wani tsohon zanen Gwaggo mai warin hayaƙi da man shanu. A kasuwar Kore Mairuwa na sayi kejin kaji na kara, sabo fil, na ɗaure ƙofarsa da roba. Ina alfahari da kejin nan, ban san abin da ke jirana ba.

A kar ɗin Yamai, babbar motar fasinja, a cinya na riƙe ta. Wata mata da ke kusa da ni ta leƙa, ta ga ido biyu kore a cikin duhu, ta yi a'uziyya ta nemi musanyar kujera. Wanda ya maye gurbinta wani dattijo ne Bazabarme, ya yi ta ba ni labarin kyanwar kakarsa da aka kai bayan kogi ta dawo da ƙafa, ya ce tawa ma za ta dawo. A Doso na sayi balangu don kaina, na miƙa mata yanka ɗaya don a zauna lafiya. Da na farga ita ta ci naman, ni na ci albasa. Kafin mu kai Birnin Gaure ta saka mini da fitsari a wando, dattijon ya ce wannan alamar ta yarda da ni ce. A Yamai na sauka ɗakin wani abokina ɗan Tibiri mai sayar da wayoyi. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, amma ya ce baƙuwata a zaure za ta kwana.

Filin jirgin ba ta babbar ƙofar da alhazai ke bi muka shiga ba, ta wata 'yar ƙofa ce a gefe. Sai na ga jirgin. Wallahi motar kasuwar da ke zuwa Dumega ta fi shi girma. Fanka ɗaya ce a hancinsa, ƙafafu uku kamar na baro. Direban jirgin wani gajeren mutumin Benin ne mai furfura, ba ya dariya, ba ya kuma ɗaga murya. Ya gaishe ni da Faransanci, ya karɓi kejina, ya juya shi, ya zura yatsa tsakanin kara biyu ya buɗa su ba wahala, ya ja robar ƙofar ya sake ta ta yi tas. Sannan ya miƙo mini ya ce wannan ba zai shiga jirginsa ba.

Na fara yi masa bayanin cewa sabo ne. Ya kama hannuna ya kai ni ya nuna mini wurin zamansa. A ƙarƙashin ƙafafunsa akwai wasu tatakai biyu kamar fedar birkin mota, da su yake juya jirgin. Ya ce kyanwar da ta tsorata duhu take nema ta ɓuya, kuma duk jirgin babu lungu mai duhu kamar bayan tatakan nan. In ta shige can muna sama, ba inda zai faka ya fito da ita. Na dubi lungun, na dubi kejina na kara, na ji ya fita daga raina gaba ɗaya.

Ana cikin haka Madam ta iso, matar mai jirgin, doguwa mai gilashi, hannunta riƙe da wani akwatin roba mai ƙofar ƙarfe. A ciki akwai wata halitta fara sol, gashi buya-buya, fuska a lotse kamar ta yi karo da bango. Sunanta Firinsas. Ita wannan tana da likitanta, tana da abincinta na gwangwani, har da wani turare da ake fesa mata a akwati don hankalinta ya kwanta. Mu a nan kyanwa ita ke ciyar da kanta ta kuma tsare mana rumbu. Can ita ake yi wa barance, kuma na tabbata Firinsas ba ta taɓa ganin ɓera ido da ido ba. Amma Madam mutuniyar kirki ce. Ta aika direbanta ya ɗauko tsohon akwatin Firinsas daga mota ta ce ta ba mu kyauta.

Direban jirgin ya hana a yi musanyar a fili. Ya ce in ta kuɓuce a wannan filin sai dai mu yi mata addu'a. Ya tura ni ban ɗaki, ya ce in rufe ƙofa da taga tukuna. Na shimfiɗa zanen Gwaggo a cikin akwatin, na buɗe keji ina jiran yaƙi. Sai ta fito, ta sunsuni zanen, ta shige da kanta ta kwanta a kai. Na tsaya riƙe da ƙofar ƙarfe ina kallonta, don ni ma warin zanen nan na sani.

Daga nan aka auna kaya, aka auna kyanwoyi, aka ce ni ma in hau sikeli kamar buhun wake. Direban jirgin ya zaunar da ni a baya, akwatin 'Yar Baƙa a kujerar da ke kusa da ni, ya zura bel ta hannun akwatin ya ja ya ɗaure tam. Ya rufa mata tawul ya bar gefe ɗaya don iska. Bai bari mun daɗe a rana ba, ya ce zafin cikin jirgi a ƙasa ya fi komai illa ga dabba. Ni ya ba ni wasu manyan kunnuwa na sa, ya ce ta ciki zan riƙa jin maganarsa. Abu na ƙarshe da ya faɗa mini, yana nuna ƙofar akwatin da yatsa, shi ne ko me na ji, ko me na gani, kada in buɗe.

Da fankar nan ta tashi, jama'a, injin niƙan unguwarmu wasa ne. Jirgi ya yi gudu, ya yi gudu, sai na ji cikina ya rage a Yamai ni na yi sama. Kyanwoyi biyu suka ɗauki kuka a tare, ta gaba da siririyar murya, tamu da irin muryar da ke sa a ce ta Doguwa ce. Ban suma ba, wannan ƙarya ce. Amma na runtse ido na kama karatu, duk surar da ta zo bakina, ban tsaya zaɓe ba. Na sunkuya har goshina na taɓa akwatin, ina yi a hankali ƙasa-ƙasa. Don kaina nake yi, Allah Ya sani. Can sai na lura kukan da ke kusa da kunnena ya ragu, ya koma gurnani, ya ɗauke. Na yi shiru in ji, sai ta sake farawa. Na ci gaba, ta yi shiru.

Madam ta waiwayo tana kallon ikon Allah. Firinsas da turarenta har yanzu tana tsala ihu. Sai na ji muryar Madam a cikin kunnuwan nan tana roƙona, wai ko zan matso in yi wa tata ma. Direban jirgin ya ce ba abin mamaki ba ne, murya ce mai sanyi da ba ta yankewa suke so, ko lissafin kasuwa na karanta musu haka za su yi. Ban kula shi ba. Haka na tafi ina sunkuye tsakanin kujeru, ni da na yi shekaru ina hana mutanen Dumega camfi a kan kyanwa, ina yi wa kyanwa biyu karatu a sararin samaniya. In malaminmu ya ji wannan ku ce ba ku san wanda ya faɗa ba.

Muna cikin tafiya direban ya ce mun shiga Benin. Na leƙa ta taga in ga iyaka. Ba igiya, ba ganga a tsakiyar hanya, ba jandarma, ba mai cewa a sauko da kaya. Kogi ne kawai siriri yana walƙiya, gonakin wannan gefe da na wancan duk iri ɗaya. Na tuna yadda muke yini a iyakar Gaya in mun je sarin kaya, na ce lallai masu kuɗi ba a duniyarmu suke ba.

Daga baya muka shiga gajimare, jirgi ya fara tsalle kamar amalanke a kan kunya. A nan ne na yi amfani da 'yar jakar takardar da aka ba ni, ba sai na yi bayani ba. Da na dawo hayyacina sai na ji akwatin shiru, shirun da ya yi yawa. Na ɗaga tawul, ba ta motsi. Maganar likitan bisashe ta faɗo mini, na ce shi ke nan, na kashe wa Gwaggo kyanwa. Hannuna ya kai kan sakatar ƙofar. Ban san direban yana da madubi ba, sai na ji "Non!" wato a'a, a cikin kunnena har ƙwaƙwalwa. Ya ce in zura yatsa ta ragar in taɓa ta. Na zura. Ta cije ni har jini. Ban taɓa jin daɗin cizo irin na ranar ba.

Saukar ma a hankali ya yi ta, tun daga nesa yake rage tsawo kaɗan-kaɗan. Ya ce kunnen kyanwa na toshewa kamar namu, ita kuma ba ta san ta haɗiyi yawu ba. Na ga teku, ruwa har inda ido ya ƙare, sannan ƙafafun baro suka taɓa ƙasa. Na yi hamdala da ƙarfi har Madam ta ce amin.

Kutunu gari ne da mutum ke yin gumi yana tsaye a inuwa. Masu kabu-kabunsu duk riga rawaya suke sawa, sun fi ƙudan kasuwa yawa, kuma mata ma tuƙa babur suke da kaya a ka ba mai kallonsu. Yaya Garba ya tarbe mu da mota, yana ta murna yana leƙen akwati. A gida matarsa ta kawo mini wani farin tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ganye, da miyar manja da kifi mai ido a buɗe yana kallona. Na ci don yunwa, amma na fara fahimtar Gwaggo. Na faɗa wa matar Yaya haka, ta ce ba abincin ba ne, har gero da kuka da daddawa an aiko daga gida an yi mata tuwo irin namu, ta ƙi.

Aka kai ni ɗakinta. Da ban san ita ce ba da na wuce. Gwaggo Dela da muryarta ke kaiwa bakin rijiya daga tsakar gida, ga ta a kan katifa kamar an ajiye tsumma, wuyan hannunta bai fi yatsuna biyu ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta shafa kaina ta ce na rame. Yaya Garba ya shigo da akwatin a bayansa, ya saita wayarsa yana ɗauka don a tura wa dangi. Ya rufe ƙofa, ya ce Inna ga baƙuwa, ya buɗe sakata.

'Yar Baƙa ta fito a hankali, ta tsaya, ta ɗaga hanci. Sai ta tafi kai tsaye ta hau katifa, ta hau ƙirjin Gwaggo, ta cusa kai a ƙarƙashin haɓarta. Hannun Gwaggo ya tashi da kansa ya sauka a bayanta. Muna jiran dariya ko kukan murna. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta daɗe tana kallon rufi, sannan ta juyo gare ni.

"Wa kunka bari gida?"

Na ce ba kowa, amma Inna Mariyama na nan kusa.

"Ɗakin fa?"

Na ce na kulle da kwaɗo. Har na laluba aljihu na fito da makullin na nuna mata, ni wawa, ina jin na yi abin kirki.

Ta ce, "Ashe kun gama da ni."

Yaya Garba ya sauke wayar. Ta yi magana a hankali, tana hutawa tsakanin kalmomi, ba ta daina shafa kyanwar ba. Ta ce ranar da aka fito da ita a kwance, ita ta ce wa 'Yar Baƙa ta zauna ta jira ta. Muddin kyanwar na ɗakin, dole Mariyama ta buɗe ƙofa kowace safiya, dole a share, dole a zuba nono, duk mai wucewa ya san mai ɗakin tafiya ta yi. Shi ya sa take tambaya kullum. In an ce mata kyanwa na nan, ta san har yanzu ana jiranta. Yanzu an ɗauko ta an sa kwaɗo, gara za ta shiga, rumbu ya zama na ɓeraye, yara su fara cewa ɗakin marigayiya. Ta dubi ɗanta ta ce ya kawo mata kyanwa ne don ta zauna nan ta mutu da abokiyar hira.

Yaya Garba ya rantse ba haka yake nufi ba, ya ce don ta ji daɗi ne, ya faɗi irin wahalar da aka sha da jirgi da allura. Ni na san gaskiya yake faɗa, na kuma san ita ma gaskiya ta faɗa. Na ji kunya, na ji tausayinsu su biyun, na rasa inda zan sa idona. Ni ta kira.

"Hamisu, maida ta. Ka buɗe ɗakina."

Ta bari kyanwar ta kwana a jikinta. Da safe ta sa na shimfiɗa zanen da take ɗaure da shi a cikin akwatin, ta tura 'Yar Baƙa ciki da hannunta, ta ce in ɗauka a kan idonta. Da na kai bakin ƙofa na ji ta ce wa matar Yaya, tuwon nan da ake ta damunta da shi, a kawo. Na ajiye akwatin na tsaya. Loma biyar ko shida ta yi, tana yi tana kushe miyar, wai an cika gishiri. Matar Yaya ta fita tsakar gida tana share ido da gefen zane.

Jirgi kuwa ya riga ya tafi wata ƙasa da mai shi, don haka kar muka nufa. A tasha Yaya Garba ya ja ni gefe ya gaya mini abin da bai gaya wa kowa ba. Likita ya ce zuciyarta ta yi rauni, ƙugun ba zai sake ɗaukarta ba, kuma doguwar hanya irin tamu ba ta jikinta ba ce, ko a mota ko a jirgi. Ya ce bai san yadda zai faɗa mata ba. Babban mutum mai gida da mota, ya kifa kai a jikin kar yana kuka, masu sayar da burodi na kallonmu.

Komowa ba ta da wani labari sai tsawo. Wadda ta je a jirgin attajirai ta dawo a ƙarƙashin ƙafata tsakanin buhun gari da jarkar manja. A iyakar Gaya wani ɗan duwan, wato kwastan, ya tambayi abin da ke akwatin, na miƙa masa karne. Ya karanta, ya leƙa, ya kira abokan aikinsa su zo su ga mussa mai takardu da ta fi rabin fasinjojin motar cika ƙa'ida. Daga Doso na kama hanyar Kore Mairuwa, ban tsaya Tibiri ba ko wanka, na wuce Dumega. Na buɗe kwaɗon na cire shi gaba ɗaya. 'Yar Baƙa ta fito, ta zagaya randa, ta hau gadon Gwaggo ta kwanta kamar kasuwa ta je. Inna Mariyama ta shigo da tsintsiya da ƙoƙon nono. Kyanwar ta yi wa sannu da zuwa, ta ce mata Hajiya, tunda ta hau jirgi. Sunan ya bi ta har yau.

Gwaggo na cin abinci yanzu. Ba da yawa ba, amma tana ci, har muryarta ta fara dawowa, ta zagi matar Yaya sau biyu a makon jiya. Ni kuma duk ranar kasuwar Dumega nakan rufe butik da wuri in je in duba ɗakin, in kira ta daga can ta ji motsin gidanta. Wancan zuwan ta tambayi rumbu, ta tambayi danga, ta ce a gyara rufin kafin ruwa ya sauka. Sannan ta ce in gaya wa 'Yar Baƙa ta ƙara haƙuri, da an yi girbi tana tafe.

Na ce to, Gwaggo. Ta ce ba to ba, in faɗa yanzu tana ji. Na tsuguna a bakin gadon, na kara wayar kusa, na gaya mata.